Ranar da Injin Wankin Baba Ya Kama Hanya

Duk wadda ta karanta wannan ta riƙe bakinta, don Allah. In Baba ya ji na san ba zai dake ni ba, amma zai zaunar da ni ya sake ba ni labarin yadda shi yake ba da shi, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Babana sunansa Dogara, amma in kana so ya amsa da wuri, ka ce Injiniya. Shekara da shekaru ya yi a reluwe nan Kafanchan. Aikinsa shi ne in jirgi ya tsaya a tasha, ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da doguwar guduma, yana bugawa yana sa kunne. Wadda ta ce ƙwal, lafiyarta ƙalau. Wadda ta ce ɓaf, ta tsage. Da ya yi ritaya ya mayar da hula da riga, amma gudumar ta biyo shi gida. Tun daga nan babu abin da ya shigo gidanmu bai sha guduma ba. Tukunya ta sha, kujera ta sha, har kankana. Randar Mama ta sha ta rabu biyu, Baba ya ce dama a tsage take, guduma ta tona mata asiri ne kawai. Bahon wankinmu ma tun ranar da aka gwada shi yake yoyo.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Alhaji Arzika mai injin niƙa. Shi da Baba kullum da yamma suna kan benci ɗaya suna musu, tun kafin a haife ni. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba. Ana cikin ruwan sama ma sai su yi musu ko ruwa ne ko yayyafi.

To sai Alhaji ya sayi firij. Matarsa Raliya ta fara sayar da ƙanƙara, yaran layinmu suka koma ƙofar gidansu. Baba ya ɗauki guduma zai je taya murna, Alhaji ya tare shi tun daga zaure. Da Baba ya dawo sai ya ce firij ai injin malalata ne, yana tsaye wuri ɗaya yana gurnani, shi ke nan aikinsa. Shi in zai sayi inji, mai aiki zai saya. Ya kalli Mama tana durƙushe tana cuɗa wandonsa na gona, ya ce daga bana hannunta ya yi sallama da sabulu, injin wanki zai kawo. Kuma ba irin na wasan yara ba, irin na kamfani, wanda jikoki za su gada.

Mama ta ce ita baho take so, wanda ba ya yoyo. Baba ya ce wannan ita ce matsalar mata, ƙaramin tunani.

Sai in gaya muku abin da ke gaban Mama a lokacin. Sunanta Afiniki, tana cikin Zumuntar Mata ta cocinmu tun ina goye. Duk shekarun nan a layin baya take, tana buga tulu. A bana ne aka zaɓe ta ta ba da waƙa a babban taron da za a yi a Fadan Kagoma, inda matan coci-coci suke haɗuwa kowace ƙungiya ta fito ta yi nata. Mama ko tuwo take tuƙawa waƙar take yi. Wadda ta saba ba da waƙar ita ce Mama Edna, muryarta ce ta fara dishewa aka ce ta huta, kuma ba da son ranta ta huta ba. Ita ce kuma mai tsaron doka a zumunta. Kowane wata sai ta tashi ta yi faɗa a kan taba da goro da burkutu, ta ce macen da ke ɗura taba a hanci ba ta da bakin yabon Ubangiji. Dokar taro kuwa ɗaya ce: macen da ba ta ɗaura zanen zumunta ba, fari mai zanen shuɗi, ba ta shiga layi.

Ranar da Baba ya fita neman inji ni ya sa na riƙe masa guduma. Na naɗe ta a ɗankwali don kunya.

Muka fara da wani shago kusa da kasuwa, mai sayar da rediyo da fanka. Yana da inji guda ɗaya, fari, ɗan kyakkyawa, da leda a kansa. Baba ya zagaya shi, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga gefensa, ya yi dariya.

"Wannan ai bokiti ne da ya yi makaranta," in ji shi.

Mai shago ya fara bayani, wai daga waje aka kawo shi, wai yana da ƙarko. Yana cikin bayanin Baba ya miƙo min hannu. Ni kuma ban iya ce wa Baba a'a ba. Bugu ɗaya murfin ya tsage daga wannan kunne zuwa wancan. Baba ya ce wa mutumin ya gode wa Allah, da ya sayar wa wani da ya ji kunya. Mai shagon bai gode ba. Har shataletale ya rako mu yana faɗin abubuwan da ba zan rubuta ba.

Daga nan muka je gidan Madam Hellen, wata nas da aka yi wa canjin wurin aiki take sayar da kayanta. Labari ya riga mu isa, don mun tarar da ita tsaye a gaban injin ta buɗe hannu kamar mai tsaron gida a ƙwallo. Ta ce shekaru tana amfani da shi bai taɓa ba ta matsala ba, in yana so a zuba ruwa a kunna ya gani da idonsa, amma guduma kam a'a. Baba ya tambaye ta mutum nawa suka shigo da shi ɗakin. Ta ce ita da ƙanwarta. Baba ya ce injin da mata biyu za su ɗauka suna hira, ɓarawo ɗaya zai ɗauka yana gudu. Kuma injin da ke tsoron guduma ina zai iya da wandon manomi.

Da yamma a benci Alhaji ya ce, cikin wasa fa, in nauyi Baba yake nema akwai wani mai gwangwan a hanyar Kagarko da ya kwashi kayan wani otal da ya rufe, yana da abin da ko tipa sai ta yi addu'a kafin ta ɗauka. Washegari muna cikin mota.

Abin yana tsaye a cikin ciyawa, launin toka, ya fi Baba tsawo, da ƙofa zagayayya ta gilashi a cikinsa. Baba ya ja baya ya buga masa guduma da hannu biyu. Ƙarar ta tafi har ta dawo. Tantabaru suka tashi daga rufin kwano, wata kaza ta fito daga ƙarƙashinsa da gudu. Baba ya cire hula. Ni ban taɓa ganin ya cire hula a coci da irin wannan ladabin ba.

Ya bi shi gefe-gefe yana bugawa don jin daɗi kawai, a nan ne wani jan maɓalli ya yi tsalle ya faɗa ciyawa. Mai gwangwan ya ce wannan fa shi ne na kashewa. Baba ya ce shi injin da ke aiki ya zo saya, ba injin da ke hutawa ba. Mutumin ya nuna masa ramuka a ƙafafun guda huɗu, ya ce a otal da manyan notuna aka ɗaure shi a cikin kankare. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bar maganar ƙarfe ga masu ƙarfe.

Motar citta ce ta kawo shi. Da aka sauke, sai ƙofar gida ta yi masa kaɗan. Baba ya sa aka fasa katanga a gefen ƙofar, majiya ƙarfi suka tura shi a kan itatuwa har tsakar gida, sannan aka sake gina katangar. Ya ce yanzu a zo a sata ya gani. Tsakar gidanmu kuwa gangare ne zuwa ƙofa, saboda ruwan damina ya riƙa fita.

Alhaji ya leƙo, ya durƙusa ya kalli ramukan ƙafafun, ya ce, "Injiniya, wannan ba ɗaure shi ake yi ba?"

"Alhaji, shekara nawa na yi da jirgin ƙasa? Ka taɓa ganin an ɗaure jirgi da noti a kan dogo?"

"Ban taɓa ba. Ina ga shi ya sa yake tafiya."

Baba ya ce mai niƙa gero ba zai gane ba.

Aka sa shi a wutar gidanmu, ƙwan ɗaki ya yi ja kamar barkono ya mutu, inji ko tari bai yi ba. Ashe babbar wuta yake ci, irin ta injin niƙa. Baba ya yi kwana yana cewa shi ba zai roƙi kowa ba, sannan ya je ya gaya wa Alhaji cewa zai ba shi dama ya shiga tarihi. Alhaji ya ce ya karɓi damar, don shi ma yana son kallo. Aka jawo waya daga ɗakin niƙa ta kan katanga. Naɗi guda na waya Baba ya saya, ya hana a yanke ragowar, wai yanka yana rage wa wuta ƙarfi, aka tara ta a gefe kamar igiyar rijiya. Tunda jan maɓalli yana cikin ciyawa a hanyar Kagarko, kunnawa da kashewa duk sun koma makunnin da ke cikin ɗakin niƙan Alhaji.

Ran Lahadi, lokacin ba da shaida, Baba ya tashi. Mutane suna ba da shaidar warkewa da haihuwa, shi ya ba da shaidar inji. Ya faɗi tsawonsa, ya faɗi mutum nawa suka tura shi, ya ce zannuwan gadon Turawa ya saba wankewa. Fasto Azariya ya fara kallon agogo. Sai Baba ya rufe da cewa, don a ga ikon Allah, shi zai wanke zanen zumunta na kowace mace kafin Asabar, su shiga Fadan Kagoma suna ƙyalli har sauran coci su rufe ido. Mata suka ce Amin. Mama ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa bencin gaba.

Da aka tashi Mama Edna ta tare Baba a bakin ƙofa, ta ce nata zanen yana da jan zare a baki, da hannunta ta ɗinka, kada a haɗa mata da na waɗanda ba su san tsabta ba. Ta faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Kowa kuwa ya ji.

Ran Alhamis da yamma matan suka yi gwajin waƙa na ƙarshe da zannuwan a jikinsu. Aka ce gobe in sun dawo daga haƙar citta kowace za ta kawo nata. Baba bai iya jira ba. Gari na wayewa, mata na fita gona, ya tura baro ya bi gida-gida yana karɓa a hannun yara.

Ga abin da Baba bai sani ba, ko ya sani bai ɗauke shi komai ba. Zanen zumunta duk iri ɗaya ne, kuma zane ba shi da aljihu. Kowace mace a haɓar zanenta take ƙulle kayanta, kuma da ƙullin take gane nata in an shanya. Abin da ke cikin ƙullin mace kuwa ko mijinta ba ya tambaya. Da Mama ta ga tulin a baro, kowane zane da ƙulli kamar kan jariri, ta ce a jira masu su zo su kwance. Baba ya ce injin otal ba ya tsince-tsince, abin da aka ba shi yake ci. Kuma in aka kwance, ta yaya za su gane nasu? Ta gani, shi ya fi ta tunanin mata. Ya fizge na Mama daga kan igiya ya cusa a sama.

Famfonmu ya daɗe da zama wurin rataya tsumma, saboda haka ni na ja ruwa a rijiya. Na ja, na ja, har guga ta fara fitowa da laka, inji bai ce ya ƙoshi ba. Can Baba ya lura ruwan yana zurarewa ta wani bututu a baya. Ya ce ga ɓarnar, ya samo totuwar masara ya toshe, ya bi ta da guduma. Ya juye omo kwali-kwali. Akwai wani abin murɗawa mai lambobi a gaba, ya murɗe shi har ƙarshe, ya ce babban inji ba a ba shi rabin aiki.

Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika. Tsofaffin reluwe abokan Baba, matan layi, Raliya da 'ya'yanta a kan katanga. Alhaji ya fito cikin babbar riga ta Juma'a, ya shiga ɗakin niƙa ya ɗaga makunni. Inji ya yi nishi, ya fara juyawa a hankali, dama, hagu. Mutane suka tafa. Alhaji ya tsaya kaɗan, ya ce to Injiniya, ga jirginka ya tashi, Allah ya kai ku lafiya. Ya sa wa ɗakin niƙa kwaɗo kamar yadda yake yi kowace Juma'a, ya jefa makulli a aljihu, ya tafi masallaci. Dukanmu muna kallonsa. Babu wanda abin ya zo wa a rai.

Baba ya sa kujera a gaban gilashin yana bayani. Ruwan ya fara da fari. Ya koma kalar kunu. Ya koma kalar shayi. Baba ya ce kun gani, dattin shekaru ne yake fita, matan nan da hannu shafa zane kawai suke yi. Can ruwan ya koma wata kala da wani tsohon reluwe ya kalla ya haɗiye yawu, ya ce shi dai ya san inda ake sayar da irin wannan a ƙwarya. Wani abu ya fara ƙara a ciki, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Makullan ɗakunan mata ne. Baba ya sa kunne ya ce wannan ƙarar lafiya ce.

Ashe injin da kansa yake dafa ruwa. Tururi ya fara fita ta gefen ƙofar, da wari kamar an haɗa miyar daddawa da shagon mai taba. Wata tsohuwa ta yi atishawa. Na kusa da ita ya karɓa. Kafin ka ce me, duk tsakar gida atishawa ake yi, har akuyarmu. Mama ta ce a kashe. Baba ya ce, tsakanin atishawa biyu, ai yanzu aka fara.

Sai inji ya yi shiru. Baba ya miƙe zai yi jawabin rufewa. Sai abin ya fara juyi ta gefe ɗaya, da sauri, da sauri, da ruwa cike a cikinsa saboda totuwa. Ƙasa ta fara rawa. Kwanukan Mama suka sauko daga kan kanta da kansu. Inji ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar. Ya matso. Ya taka kujerar Baba ta zama itacen girki.

Baba ya ce kowa ya kwantar da hankali, yana neman wurin zama ne. Ya dafa shi da hannu biyu, inji ya tafi da shi. Ya kira tsofaffin reluwe su kama, su kuwa sun riga sun kai waje. Ya zagaya yana laluben jan maɓalli a inda babu jan maɓalli. Wayar da ya hana a yanke tana warwarewa a baya a hankali, tana ba injin hanya. Daga ƙarshe ya taka turmi ya haye kansa, wai nauyinsa zai danne shi. Baba kuwa ba shi da nauyin da ya fi buhun dusa.

Mama ta kama hannuna ta ce in ruga masallaci in kira Alhaji. Na fita ta gefen inji da ƙyar, na bar Baba a sama yana cewa, "Ka-ka-kada wan-wanda ya ta-taɓa shi," haƙoransa suna kaɗawa.

Na isa an riga an ta da salla, sahu har kan titi. Na tsaya nesa a gindin wani mangwaro na rufe kaina. Da aka sallame na hango Alhaji, na bi bayansa ina ta shirya maganar a bakina. Sai da ya juyo ya gan ni.

"Zipora, jirgin ya iso tasha?"

Na ce yana hanya. Ya ce ya sani, tun ana huɗuba yake jin sa ta ƙasa.

Bai yi sauri ba. Ya gaisa da mai goro, ya tambayi wani jikin mahaifiyarsa. Mutanen da suka fito masallaci suka ji ƙara suka biyo mu. Ta ɗaya gefen kuma ga matan zumunta sun dawo daga gona, da ƙasa a ƙafa, sun je gida an ce musu Baban Zipora ya kwashe zannuwa tun da safe. Ban taɓa ganin mata suna gudu da irin wannan fuskar ba. Mama Edna ce a gaba, ta biya ta jawo Fasto Azariya da kekensa.

Muka tarar da inji ya sauka gangare ya zo fita, ƙofa ta riƙe shi. Ya cushe a ciki daram, gilashinsa na kallon titi, yana ta jijjiga katanga. Baba yana kwance rub da ciki a kansa, tsakaninsa da saman ƙofa, ba ya iya gaba ba ya iya baya, ƙeyarsa tana gaisawa da katako.

Alhaji ya tsaya a gabansa ya yi sallama. Ya tambaye shi ya gida, ya iyali, ya gajiya. Baba ya ce, "Ma-ma-makulli." Alhaji ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce af, ashe yana na ciki. Da ya sauke makunnin, shirun da ya biyo baya har kunne ya yi ciwo.

Aka jawo Baba ta ƙafa. Ya miƙe yana tangaɗi, ya gyara hula, ya ce gwaji ya yi kyau, injin da ya yi wannan tafiyar bai zubar da noti ko ɗaya ba, a nuna masa firij ɗin da zai iya.

Mama ta haura katanga ta fito ta gidan Raliya. Mama Edna ba ta ko kalli Baba ba, Mama ta nufa. Ta ce a gaban Fasto da kowa, macen da ba ta iya tsare zanen zumunta a cikin gidanta ba, ta yaya za ta tsaya a gaban zumunta? Gobe ita za ta karɓi waƙarta, in ma an sami abin ɗaurawa. Na kalli Mama. Na ga tana murza bakin rigarta, na ji kamar in nutse.

Baba ya ce a daina hayaniya, a zo a ga aiki. Ya ja ƙofar gilashin, ta ƙi. Ya ɗauko guduma. A karo na farko tun da aka kawo injin, ya buge shi ya ce ɓaf. Ƙofar ta ɓalle, ruwan ɗumi mai kalar burkutu ya kwashe shi ya zaunar a kwata. Bayan ruwan sai zannuwa suka biyo, a murɗe wuri ɗaya kamar hanjin saniya, babu fari babu shuɗi, duk sun zama ruwan ƙasa. Makullai suka zube, da ɓawon goro, da guntayen leda, da wani abu da ya taɓa zama daddawa. Fasto ya yi atishawa har gilashinsa ya zamo.

Ya ce wannan warin ya san shi, kuma ba warin sabulu ba ne. Ya tambaya a cikin matan wa ke ƙulla taba a zanen Ubangiji. Wata ta ce ita gishiri ta ƙulla. Ta kusa da ita ta ce ita ma gishiri. Gishiri ya bi layi har ƙarshe. Ƙulle-ƙullen duk sun kwance a cikin inji, babu mai iya cewa wannan na wance ne.

Sai guda ɗaya. Fasto ya sunkuya ya jawo wani zane da ƙullinsa ke nan daram, an yi shi da kyau, irin na mai tsabta. A bakin zanen ga jan zare. Ya kwance, ƙaramin gwangwanin man zafi ya faɗo a tafinsa. Sauran a leda suka ƙulla tasu ta narke, wannan kuwa ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Ya buɗe. Ya yi atishawar da kekensa ya faɗi.

Babu wanda ya kalli Mama Edna. Kowa jan zaren yake kallo.

Ta ɗaga hannu a hankali ta dafe kumatu. "Na haƙori ne, Fasto."

Sai na ga mai gishiri ta farko ita ma ta dafe kumatu. Ta biyu ta dafe. Na juya wurin Mama don mu haɗa ido mu yi dariya, na tarar hannunta yana kan kumatu.

Fasto ya kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bai san zumunta gaba ɗaya haƙori ke damunta ba, zai sa su a addu'a ran Lahadi, da suna ko babu suna, wannan ya rage nasu. Mama Edna ta yi gyaran murya ta ce ita dama muryarta ba ta gama warkewa ba, Afiniki ta riƙe waƙarta.

Daga nan Mama ta karɓi gari. Ta ce a kwashi zannuwa a baro a kai rafi. Ta ce wa Baba tunda shi ya yi alkawari a gaban bagade zai wanke, to bai wanke ba tukuna. Baba ya fara cewa shi injiniya ne, mata fiye da talatin suka juyo suka kalle shi da hannu a kumatu. Ya naɗe wando. Har rana ta yi sanyi yana cikin ruwa yana ɗauraya, mata na zaune a kan dutse suna maimaita waƙa, in ya matse ɗaya su ce bai fita ba. Kalar dai ba ta fita ba. Amma ta kama ko'ina daidai, wannan kam dole a yaba wa injin.

Ran Asabar a Fadan Kagoma kowace coci fari da shuɗi, namu kamar an tsoma su a shayi. Mama ta fito gaba. Ta ɗaga murya, tuluna suka karɓa, ni kuwa ina can baya ina share ido da ɗankwali. Da aka tashi, matan Samaru Kataf suka zo tambaya ko sabon zane aka fitar ba a gaya musu ba. Mama Edna ce ta amsa musu. Ta ce sai an yi oda.

Injin yana nan a ƙofar gidanmu. An kawo majiya ƙarfi sun gwada, sun ce sai dai a rushe gidan a bar shi. An ɓula katangar tsakaninmu, ta zauren Alhaji muke shiga muke fita, kuma duk lokacin da Baba zai wuce sai Alhaji ya tambaye shi tikiti. Kazar Mama ta yi ƙwai a ciki har ta ƙyanƙyashe. Baba ya sayo sabon baho, Mama ta karɓe shi tun daga hannun mai kawowa ta ɓoye guduma, kuma ran Asabar in kin leƙa bayan ɗaki za ki ga wanda yake amfani da shi.

Jiya da safe ya sami gudumar a cikin buhun masara. Ya je ya bugi injin a gefe, ya tsaya yana saurare har ƙarar ta mutu.

"Kin ji, Maman Zipora? Na ce miki wannan sai ya ga jikokinmu."

Mama tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zai gan su mana. A ƙofa yake."